Sunan Ayashe: daga ina ya fito, kuma me ya sa ya yi wuyar ji a Adar?

Auta: Assalamu alaikum iyaye da malamai. Tambaya gare ni a kan sunan nan Ayashe. A nan Tawa, cikin ƙasar Adar ta Nijar, sai a bakin tsofaffi ake jin shi, su ma jefi-jefi. Wasu sun ce A'isha ce aka lanƙwasa, wasu sun ce Larabci ne, wasu kuma sun ce zagi ne, bai kamata a kira mutum da shi ba. Wanne za a kama? Kuma na mace ne ko na namiji?

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam Auta. Ba A'isha ba ce. A'isha tana da nata: A'i, Shatu, Indo, A'ishatu. Ayashe Hausa ce tsantsa, kuma asalinta jimla ce, ba kalma ɗaya ba. Raba shi biyu: a, sannan yashe. Wannan "a" shi ne na "a zo", "a tafi", "a bari", wato fata ko umurni da ba a faɗi mai aikatawa ba. "Yashe" kuwa daga "yar da" yake, ko "yasar da". Irin waɗannan aikatau idan wakilin suna ya biyo su kai tsaye sai su ɗauki -she: fitar da shi, fisshe shi, gayar da ita, gaishe ta, yar da ita, yashe ta. Daga wannan saiwar aka samu yasasshe da yasasshiya. To cikakkiyar maganar ita ce "a yashe ta" ko "a yashe shi", sai aka datse wutsiyar. Da yake wakilin sunan ne ya faɗi, sunan bai nuna jinsi da kansa ba, amma ga mata aka fi jin shi.

Auta: To Malam, wa zai haifi ɗiya ya ce a yashe ta?

Gwaggo ta Madawa: Wanda ya fi kowa son ta, ɗana. Sunan ɗiyan wabi ne. Mai wabi ita ce macen da take haihuwa ɗiyan suna komawa tun suna goye, ɗaya bayan ɗaya, kamar iccen da ke zubar da ɗiyansa tun ba su nuna ba. Ba a cewa wabi don an rasa ɗaya. Sai an jera biyu, uku, sannan tsofaffin gida su ce a sake dabara.

Tunanin mutanen da shi ne, abin da ke ɗauke ɗiyan, iska ce ko maye ko baki ko ido, abin da aka ɗauka da daraja yake bi. Sai a nuna mishi wannan ba a damu da ita ba. Yadda ake yi: in an haihu an yanke cibi, kaka ko ungozoma ta naɗe jinjirin a tsumma, ba zane sabo ba, ta sa a tsohuwar ƙwarya ko faifai, ta kai bayan gida kan juji ta ajiye, ta juya baya kamar ta tafi. Wata tsohuwa da aka riga aka shirya da ita ta zo ta ɗauka, ta ce ta yi tsintuwa, ta shigo da shi gida. Duk abin ɗan lokaci ne kaɗan, ba barin shi ake yi ba. Wanda aka yi wa haka shi ne Ajuji. Ayashe ƙanwar wannan sunan ce, wani gidan a kai ta jujin, wani gidan sunan kawai ake sawa. Akwai gidan da sayarwa suke yi da baki: wata ta miƙa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba ta ce ta saya, sai yaro ya tashi Bawa. Namiji kuma a huda mishi kunne ɗaya. Uwa ba ta yi mishi ado, ba ta yaba shi gaban mutane, wani lokaci har a yaye shi.

Ɗan Adar: Gwaggo Allah ya ƙara girma. Amma Malam, ina da ja kaɗan. Muna da yashe rijiya, a kwashe laka da yashi ido ya buɗe ruwa ya dawo. A ƙasa irin tamu da rijiya take rai, me zai hana a ce Ayashe daga nan yake? A yashe, arziki ya ɓuɓɓugo. Ma'anar ta fi daɗi.

Malamin Hausa: Ta fi daɗi, amma ba ita ba ce. Aikatau biyu ne da suka haɗu a rubutu suka rabu a baki. Na rijiya daga "yasa" yake, kuma muryarsa sauka take yi a gaɓar ƙarshe, kamar wanke, kamar share. Na yarwa muryarsa a sama take tsayawa gaba ɗaya, kamar gaishe, kamar fisshe. Faɗi "a yashe ta" kana nufin rijiya, ka sake faɗi kana nufin tsohuwar tabarma, kunnenka zai raba maka su. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, shi ya sa ido ke ruɗewa.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Suna ba ya tafiya shi kaɗai, da danginsa yake tafiya. Dubi waɗanda ake sa wa a wannan hali: Ajuji, Bawa, Mantau, Barau, Abarshi, Abarta, Dangana. Juji, bauta, mantuwa, bari, dangana. A cikin wannan ayarin yarwa ce ke da wurin zama. Sunayen da suka shafi ruwa da noma ayarinsu daban: Anaruwa, Nomau, Cigero, Ciwake, kuma lokacin haihuwa suke faɗi.

Ɗan Adar: Na karɓa. Na gwada da baki, lalle sun bambanta.

Alaramma: Bari in taɓa gefen Larabcin, don masu cewa Larabci ne akwai inda suka jiyo. Larabawa suna da Ayyash, da ainun a farko da shadda a kan ya'un, daga saiwar ainun, ya'un, shinun, mai ma'anar rayuwa. Saiwa ɗaya ce da A'isha. Akwai sahabi Ayyash ɗan Abi Rabi'a, ɗan'uwan Abu Jahal ta wajen uwa, wanda aka tsare a Makka bayan ya musulunta, har Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya riƙa ambaton sunansa a alƙunut tare da Walid ɗan Walid da Salama ɗan Hisham. Ayyash sunan maza ne, kuma ba ya ƙarewa da wasalin e. Da Bahaushe ya are shi, Ayyashu zai ce, yadda ya ce Abbasu da Hashimu. Saboda haka kamar da ke tsakaninsu ta sauti ce kawai. Abin da ya ja hankalina shi ne, ɗaya ya ce mai rayuwa, ɗaya ya ce a yar, amma abin da iyayen biyu ke roƙo ɗaya ne.

Sai dai hukunci daban. Annabi ya canza sunaye masu mummunar ma'ana. Ɗiyar Umar da ake kira Asiya, da ainun da sadun, wato mai saɓo, ya mayar da ita Jamila. Kakan Sa'idu ɗan Musayyib sunansa Haznu, mai nufin tsauri, ya ce mishi kai Sahlu ne, ya ƙi karɓa, jikan ya ce tsaurin bai bar gidansu ba. Haƙƙin ɗa ne a zaɓa mishi suna mai kyau. Kai jinjiri juji don a ɓatar da hankalin mutuwa kuwa ba shi da wuri a aƙida, ajali ba ya ruɗewa da tsumma.

Gwaggo ta Madawa: Allah ya gafarta Malam, jujin ban kare shi ba. Amma a raba abu biyu. Babu limamin da ya taɓa raɗa Ayashe ranar suna. Ran bakwai a yanka rago da Hadiza ko Mariyama ko Zainabu, wannan shi ne sunan yanka, shi ake ɗaura aure da shi. Ayashe laƙabi ne na cikin gida, tsofaffi ke sa shi, sai ya danne na yankan saboda shi ake kira safe da yamma. Kuma wani lokaci dole ce ke sa ya danne: in sunan yankan na uwar miji ne, surukai ba za su iya faɗin shi ba, sai kowa ya kama laƙabin.

Alaramma: Gaskiya ne Gwaggo, kuma wannan ya rage nauyin abin. A mazhabarmu ta Malikiyya dabba ɗaya ce ga namiji ko mace, ran bakwai, kuma ba a lissafa ranar haihuwa idan bayan alfijir aka haihu. Shi ya sa wadda aka haifa Talata da hantsi sunanta ke faɗowa Talata mai zuwa. Wancan sunan shi ne asali. Laƙabi kuwa aya ta 11 a suratul Hujurat ta hana jifan juna da shi, amma malamai sun ce wanda mutum ya shahara da shi, ba ya ƙin shi, kuma ba wulaƙanci ake nufi ba, babu laifi a kira shi da shi don ganewa. Malaman hadisi suna kiran wasu masu ruwaya biyu A'amash da A'araj, wato mai raunin gani da gurgu, ba su san su da wani suna da ya fi wannan ba. To tsohuwar da ta shekara saba'in tana amsa Ayashe, kiran ta haka ba zagi ba ne. Wadda ta ce ba ta so, a koma ga na yankanta. Sa wa jaririya sabuwa kuwa, ni ban ba da shawara ba.

Malamin Hausa: Alaramma, kada a haɗa su duka a yi musu kuɗin goro. Abarshi da Abarta fuska biyu gare su. Ana iya jin "a bar shi nan, ba a so", ana kuma iya jin "a bar mana shi". Da yawan iyaye ta biyun suke nufi, kuma wannan addu'a ce tsirara. Dangana ma kalmar tawakkali ce. Masu zafin su ne Ajuji da Ayashe, kuma ina ganin ba banza ba su ne suka fara ɓacewa.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Fulani suna da Jiddere, shi ma juji ne. Yarabawa suna kiran irin waɗannan ɗiya abiku, su sa musu Malomo, kada ka sake tafiya, ko Kokumo, ba zai ƙara mutuwa ba. Wolof na Senegal suna da Ken Bugul, ba mai so. Yarabawa lallashin yaron suke yi, mu da Fulani da Wolof ɓoye shi muke yi.

Alaramma: Abarshi da Dangana ban da ja a kansu.

Ungozoma: Iyayena ku ba ni wuri, don ni sunan nan ba nahawu nake ji a cikinsa ba, tarihin ciwo nake ji. Duk inda aka ce Ayashe ko Ajuji, akwai ƙananan kaburbura biyu ko uku a gabanta. Abin da tsofaffi suka kira wabi ba ciwo ɗaya ba ne, abubuwa ne daban-daban, kuma mafi yawansu yau ana iya gane su.

Na farko emasi, wanda ƴan Najeriya ke cewa sikila. Idan uwa AS ce uba ma AS, wato kowannensu yana ɗauke da irin ciwon a jini ba tare da ya kwantar da shi ba, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, mai ciwon ke nan. A lura, kowane ciki ne, ba wai cikin ɗiya huɗu ɗaya ne kawai zai samu ba. Ana iya jera biyu, har uku. Jaririn lafiya lau ake haifar shi, sai ya kai wata huɗu zuwa shida jinin da ya fito da shi daga ciki ya fara raguwa, sannan a ga bayan hannu da ƙafa sun kumbura, kuka ba dalili, ido da tafin hannu sun yi fari, saifa ta kumbura, zazzaɓi kaɗan ya kayar da shi. Ba tare da kulawa ba da yawa ba sa kai shekara biyar. Ga kuma abin da ya sa aka yarda da juji: bayan an rasa biyu, cikin da ke biye yana da kashi uku cikin huɗu na zuwa ba SS ba. Sai a kai juji, ɗiya ta rayu, a ce dabara ta ci. Da ba a kai ta ba ma da ta rayu. Gwajin jini ɗaya kafin aure ke nuna wannan, kuma akwai cibiyar ƙasa ta masu wannan ciwo a Yamai. Wanda aka gano da wuri ana ɗora shi kan penisilin kullum da maganin ƙarin jini na folik, a cika mishi rigakafi, a kiyaye shi daga sauro da sanyi da ƙishirwa.

Na biyu rashin jituwar jini, uwa mai rezus negatif, uba mai pozitif. Alamarsa a jere take: ɗan fari lafiya, na biyu ya zo da shawara tun cikin yini na farko, na gaba ya fi tsanani, wani a haife shi a kumbure ba rai. Jinin ɗan farin ne ya shiga na uwa wajen haihuwa, jikinta ya ɗauke shi abokin gaba. Maganin allurar anti-D ce cikin awa 72 bayan haihuwa, haka ma bayan ɓari. In jikin uwa ya riga ya kafa garkuwar, allurar ba ta ƙara amfani, sai bin cikin kusa-kusa a babbar likita. Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɓarin wata biyu ko uku da ba a kai likita ba, ba a kuma san rukunin jinin uwar ba.

Na uku shi ne wanda ya sa nake ƙin jujin da gaske: tetanos na jarirai. Ƙwayarsa a ƙasa da kashin dabbobi take zaune, ta cibi take shiga. Jariri ya sha nono lafiya kwana biyu, daga kwana 3 zuwa 14 ya kasa buɗe baki, jiki ya sandare, ya riƙa zabura da ɗan motsi ko haske. Sau da yawa dab da ranar suna yake faɗowa, shi ya sa aka jingina shi ga iska. Aska ko reza da aka yi aiki da ita, toka ko kashin shanu a kan cibi, duk hanyarsa ce. To a ɗauki jinjiri da ɗanyen cibi a kwantar a juji, an kai shi gidan ciwon da ake gudu ke nan. Rigakafinsa allura biyu ce ga mai ciki, tsakaninsu aƙalla sati huɗu, ta biyun aƙalla sati biyu kafin haihuwa, sannan reza sabuwa, zare mai tsabta, da maganin shafa cibi na gidan haihuwa, ba wani abu ba.

Gwaggo ta Madawa: Ɗiyata, ki ƙara da kwanika. Wadda ta rasa goyo ba ta daɗewa.

Ungozoma: Shi ne na huɗu Gwaggo, kuma shi ke ɗaure sauran. Goyo ya rasu, nono ya tsaya, al'ada ta dawo da wuri, ga dangi na jiran a maye gurbi, wata uku ko huɗu sai ciki. Jinin uwa bai dawo ba, jariri ya zo ƙarami ko bakwaini, shi ma ya tafi. Shawarar likita ita ce a samu wata 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani ciki. Ga wadda ta binne biyu wannan magana tana da nauyi, sai an haɗa da mijin da uwar mijin a zaune.

Auta: To ke nan ƙarancin sunan yana da alaƙa da raguwar mutuwar yara?

Ungozoma: Kai tsaye. Binciken lafiyar iyali na ƙasa na 1992 ya nuna a Nijar cikin yara 1000 da aka haifa da rai, 318 ba sa kai shekara biyar. Na 2006 ya ba da 198, na 2012 ya ba da 127. A 2006 ne kuma aka fara tsarin kula da ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta. Lokacin da kusan ɗaya cikin uku ke tafiya, jera rashi biyu ko uku a ɗaki ɗaya ba abin mamaki ba ne, kowace unguwa da mai wabinta. Har yanzu adadin yana da yawa, amma rijiyar da sunan ke fitowa daga ciki ta ja baya sosai.

Malamin Hausa: Ƙara da wa'azi, ƙara da lakwal. Yarinyar da za a kira sunanta gaban aji kowace safiya, iyayenta na tunanin dariyar ƴan'uwanta. Amma akwai dalili guda da ba a cika lura da shi ba, shi ne ya sa Abarshi ke ko'ina a takardu, Ayashe babu. A Nijar sunan mutum nashi ne, a bi da na ubansa, wani lokaci da na kakansa. Saboda haka laƙabin namiji yana rayuwa bayan mai shi: Abarchi, Bawa, Nomao, Chékaraou, Hankouraou, za ka gan su a gurbi na biyu ko na uku a jerin ƴan jarrabawa, alhali yaran da kansu Abdul wane ne ko Muhammadu. Sunan mace ba ya gangarowa haka. Ranar da aka binne Ayashe, sunan ya bi ta, sai abin da ya rage a layin "sunan uwa" na takardar haihuwar ɗiyanta. Wanda ya duba jerin sunaye ya ce Abarshi ya fi Ayashe yawa tun asali, ya auna da mudun da bai cika ba.

Mai Hatimi: Malam ya kawo ni inda nake jira. A wajen rajista sunan nan yana da tarko na musamman. Da ƙa'idar Faransanci ake rubuta sunayenmu: sh ya koma ch, u ya koma ou, c ya koma tch, j wani lokaci dj, ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ ta faɗi, e na ƙarshe kuma sai an ɗora mishi alama a kai kafin a furta shi. To Ayashe ya zama Ayaché. Matsalar tana zuwa ne idan an buga da manyan baƙaƙe ko a na'urar da ba ta sa alamar: AYACHE. Mai karatun Faransanci ba ya furta e maras alama a ƙarshe, sai ya karanta Ayash. Kuma Ayache sunan iyali ne sananne a ƙasashen Larabawan arewacin Afirka da Labanan, daga Ayyash ɗin da Alaramma ya faɗa. Ina kyautata zaton ta wannan ƙofar ce zancen "Larabci ne" ya ƙara ƙarfi a wajen ƴan boko.

Tarko na biyu: ma'aikacin da bai san sunan ba sai ya ɗauka kuskure ne, ya "gyara" ya rubuta Aïcha ko Aïchatou. Sai a samu uwa ɗaya, a takardar babban ɗanta Ayaché, a ta na biyu Aïchatou, a katin ɗan ƙasarta kuma Hadiza, sunan yankanta. Ba a ganin illar sai ranar rabon gado, ko fansho, ko neman takardar shaidar zama ɗan ƙasa, ko fasfo, inda ake ɗora takardar ɗa a kan ta uwa a ga ba su dace ba.

Ɗan Adar: Yaya, mene ne matakan kauce wa wannan?

Mai Hatimi: Ga jariri sabo, dokar 2019 ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwa, kuma a cikin wa'adin ba a biyan kuɗi. Inda ake tuntuɓe: uwa tana barin gidan haihuwa kwana ɗaya ko biyu bayan ta sauka, suna kuwa sai ran bakwai, to gurbin sunan yana nan fanko. Dole wani ya koma bayan suna ya cike, sannan a bi takardar har ma'aikatar magajin gari a karɓo ta. Da yawa suna tsayawa a ƴar takardar gidan haihuwa suna zaton ita ce. Wanda zai je ya tafi da katin uwa da na uba a hannu, a kwafi sunayen baƙi bayan baƙi daga katin, kada a rubuta daga baki. Idan katin uwa Hadiza ya ce, Hadiza za a sa ko da duk gari Ayashe suke kiran ta. A karanta kafin a sa hannu, a duba alamar kan e ɗin.

In kwana 60 sun wuce, sai ta hannun alƙali, da shaidu, ya yanke hukuncin da zai tsaya a madadin bayyanawar. Lokaci-lokaci alƙalai kan fita ƙauyuka su yi irin wannan zama a bainar jama'a, a nan ne kuma laƙabi ya fi shiga takarda, domin shaidun ƙauye sunan da suka sani suke faɗi. Idan kuma kuskuren ya riga ya shiga rajista, ba a kankarewa, ba a shafa farin ruwa, takardar da aka taɓa ta lalace. Kotun yankin da aka yi rajistar ake kai buƙatar gyara, da cikakken kwafin takardar da sauran takardun da ke nuna daidai, in an amince a rubuta gyaran a gefen rajistar. A fara daidaita ta uwa, sannan ta ɗiya, in an juya sai an yi aiki biyu.

Malamin Hausa: Abin da ke damuna ke nan. Tun 1999 Nijar ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa, da sh da c da ƙ da ƴ, kuma kundin tsarin ƙasa na 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa. Da da wannan ƙa'idar ake rubuta sunaye, Ayashe zai zauna Ayashe, ba alamar da za ta faɗi.

Mai Hatimi: Fatan kowa ne Malam, amma kada wani ya ji haka ya je ya canza rubutun sunansa a takarda ɗaya ya bar sauran. Chékaraou a takardar haihuwa, Shekarau a takardar jarrabawa, wajen hukuma mutum biyu ne.

Auta: Idan ɗalibi yana son ya auna yawan masu sunan a jahar Tawa fa, ta ina zai fara?

Mai Hatimi: Kada ya fara da jerin ƴan jarrabawa, ba zai samu komai ba, dalilin da Malam ya faɗa. Layin sunan uwa zai bi a tsofaffin rajistocin haihuwa, da izinin hukuma, ƙidaya kawai zai ɗauka ban da sunayen mutane. Ya nemi duk siffofin: Ayaché, Ayache, Ayachi, Ayashé, har da mai y biyu. Ya raba bisa shekarun haihuwar uwayen, goma-goma, ya kuma raba gari da ƙauye, domin Tawa da Ƙonni ba za su yi daidai da ƙauyukan Buza da Keita da Illela ba. Ya sani kuma abin da zai samu ƙasa yake da gaskiya, tunda duk wadda aka rubuta da sunan yankanta ta kuɓuce mishi, ga waɗanda ba a taɓa yi wa rajista ba.

Gwaggo ta Madawa: Takarda ba za ta ba shi rabi ba. Ya je wurin tsofaffin ungozomomi da wanzamai, su suka san ɗakin da aka yi wabi a kowace unguwa, don su suka yanke cibin, su suka yi askin suna. Amma ya san yadda zai tambaya. Ba a tambayar uwa ɗiya nawa ta rasa, ba za ta ƙirga ba, in ta amsa ma cewa za ta yi "sun koma". Kishiya ko gwaggon yaran ko maƙwabciya ake tambaya, a gefe. Kuma kada ya ce "me ya sa aka ce a yashe ki". Ya ce "Inna, wa ya sa miki sunan nan?" Daga nan ita da kanta za ta kawo sunan kakar, da na waɗanda suka riga ta.

Auta: Na rubuta, Gwaggo. Sai in fara da wanzaman.

Gwaggo ta Madawa: Fara da ungozomomin. Wanzami ran uku ko ran bakwai yake zuwa, jujin kuwa tun ranar haihuwa an gama shi.